Zaren Farin Akwati

Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Ina faɗa ne ana rubuta mini, kuma na gaya wa mai rubutun kada ta gyara mini magana, kada ta sa sunan kowa. Wanda labarin ya fi shafa ma bakina bai taɓa kama sunansa ba, don ɗan farina ne. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa, in an ɗauko zancensa sai ta tuna tana da aiki a madafa. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi, ya tashi yana jin ƙannena suna ce mini Yaya, shi ma ya ɗauka. Har gemu ya fito masa Yaya yake ce mini. Ni kuwa in ina son ya ci abinci sai in fuskanci bango in ce tuwo na nan yana hucewa, mai so ya ɗauka.

A unguwar Birni ta Damagaram muke zaune, cikin wani lungu mai yashi da jaki ba ya wucewa da kaya sai ya goge bango. Mahaifinsa baduku ne, ya rasu yaron yana lakwal. Ba mu muka kai shi ba, ɗaukarsa aka yi lokacin da ake bi gida-gida ana neman yara. Da ya gama sai aka ba shi aiki a filin jirgi, wurin da suke kira meteyo. Ni dai kaɗi nake yi, in gurza auduga, in shiɓe, in kaɗa zare in sayar wa masaƙa da masu ɗinki, da shi na riƙe gidan.

Abin da unguwa ta sani game da aikinsa shi ne wai yana auna ruwan sama. Ku kuwa kun san Damagaram da wahalar ruwa. A bakin rijiya, muna layi da tuluna tun rana ba ta yi zafi ba, sai wata ta ce ga uwar mai ruwa nan, a tambaye ta yaushe za a sako mana. Wannan wasa ne, bai dame ni ba. Abin da ya dame ni labarin da makiyaya suka shigo da shi gari, su da ke kora awaki ta bayan shingen filin. Suka ce akwai wani farin akwati a kan dogayen ƙafafu, tsaye shi kaɗai a fili, ƙofarsa na kallon arewa. Suka ce yaron yana zuwa gabansa a kan lokaci, ba ya saɓawa ko ana zuba rana, ya buɗe, ya sunkuyar da kai, ya zuba ruwa a wani ɗan kofi, kuma akwai wani abu a ciki da aka naɗe da farin ƙyalle. Daga nan ya saki wata jar mafitsara sama ya bi ta da ido har ta ɓace. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake yi wa ɗaki a ware, a ɗaura masa farin ƙyalle, a shayar da shi. Ba wanda ya faɗa mini a fuska, amma na lura wasu mata sun daina aiko yara ɗibar wuta gidana.

Ni ma ban kwanta da zuciya ɗaya ba. Ina ganinsa yana salla, ina ganinsa yana azumi. Amma ina ganinsa kuma yana tace ruwa har sau nawa, ya zuba a kwalba, ya ɗaure a bayan kekensa ya fita da shi, ruwan da shi kansa bai sha irinsa ba. Ban tambaya ba. Ta ina zan fara?

Ana nan sai maganar aure ta taso. Yarinyar bazawara ce, mijinta na fari ya rasu ba su daɗe ba, 'yar wani Bakano mai fataucin goro da yadi da ke zaune a Zango. Na santa kafin shi ya santa, don tana rako gwaggonta sayen zare wurina. Na lura da ita sosai. Ba ta taɓa kaya sai an miƙa mata, in ta ja zare ta ga ya yi kyau ba ta kushe shi don a rage mata, in bai yi ba kuma ba ta yaba shi don kunya. Irin wadda nake so ke nan, ko da yake ba a tambaye ni ba. Ƙanin mahaifin yaron ya taso daga ƙauyen Durum ya kai gaisuwa, Bakanon ya karɓe shi da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike. Binciken kuwa yayarsa ya ɗora wa, wato gwaggon nan.

Mace ce mai jiki, haƙoranta jajur da goro, bakinta ba ya hutawa. Tsakanin Kanawa da mu akwai wasa tun na kakanni, ita kuma ba ta barinsa ya kwana. In ta shigo gidana sai ta ce a ba ta ruwa amma kada a auna mata da ludayi yadda Damagarawa ke wanka. Ni kuma in ce ta zauna nesa da buzun sallata kada in waiwaya in tarar ta yi masa kuɗi. Ranar da ta zo kan binciken kuwa ba ta yi wasa ba. Ta zauna, ta ƙi taɓa zare, ta ce ɗan'uwanta ya ji magana, kuma ba zai ba da 'yarsa gidan da ake shayar da abin da ba a sani ba.

"Ke za ki gaya mini," ta ce. "Mene ne a cikin akwatin nan?"

Bisa al'ada amsata a shirye take: in ce ni ba ni da ɗa, ta je ta tambayi baffansa. To baffan manomi ne a Durum, bai taɓa taka filin jirgi ba. Duk danginmu ba wanda ya taɓa leƙa akwatin. In na kauce, maganar ta mutu a nan, kuma sunan da aka laƙa masa ya zauna ke nan har jikoki. Na ce mata ba na rantsuwa a kan abin da idona bai gani ba. Ta ce to shi ke nan, ta fara naɗe mayafi. Na ce ta zo da sassafe da takalmin tafiya.

Bazara ce, irin zafin da ke sa ƙadangare ya ɗaga ƙafa. Muka fita ta ƙofar gari, muka bi ta gefen duwatsu, tana haki tana zagin ƙasarmu, ni kuma kunya ta rufe ni kamar na fito ba zane. Uwa ta bi ɗan fari har wurin aikinsa. Da mahaifiyata tana da rai da ta ce na zubar mata da gida. Gardin bakin shinge ya san ni, ya buɗe mana yana kallon ƙasa. Nasaran da ke shugabancin wurin, wani mai jan wuya da gajeren wando, ya fito ya gaishe mu da 'yar Hausarsa ya sa aka kawo kujeru. Gwaggon ta hau tata har ta yi ƙara. Ni na tsaya.

Yaron ya fito daga biro, wato ofishinsu, da kayen da yake rubutu a ciki a hannu, ya gan mu, ya tsaya cak. Ban dube shi ba. Na ce wa gwaggon ta gaya wa ma'aikatan wurin nan mun zo a buɗe mana akwati.

Ya buɗe. Bangon akwatin tsaga-tsaga ne, iska na shiga rana ba ta shiga. A ciki wasu siraran kwalabe ne biyu kamar tsinken kara, a tsaye, kowace da zare mai walƙiya a cikinta. Ɗaya tsirara take. Ɗayar an sa wa gindinta 'yar riga ta ƙyalle, jelar ƙyallen ta sauka cikin kofin ruwa. Iyakar abin ke nan. Ba jini, ba gashin kaza, ba turare.

Ya yi wa gwaggon bayani, amma na san ni yake nufi, don ya rage murya yadda yake yi a gida. Ya ce tsirarar tana faɗin zafin gari ne. Mai rigar kuwa kamar randa take. Ya tambaye ta yaushe ruwan randa ya fi sanyi. Ta ce da rani mana, lokacin da iska ta bushe, da damina ai randa gumi kawai take yi a banza. Ya ce to haka nan. In iska tana jin ƙishirwa sai ta tsotse ruwan rigar, kwalbar ta yi sanyi, zarenta ya sauka ƙasa da na 'yar'uwarta. In iska ta ƙoshi sai su kusa daidaita. Tazarar da ke tsakaninsu yake rubutawa. Ni kuwa na gane, don yatsuna sun san wannan: da rani zare yana tsinkewa yana tashi, in damina ta matso sai ya yi laushi ya bi hannu. Ban dai taɓa sanin ana iya sa wa abin lamba a aika da shi Yamai ta waya ba.

Ya nuna mana mazurarin da ruwan sama ke taruwa a ciki, da wasu ludaya a kan dogon ƙarfe da iska ke juyawa, da jar mafitsarar, wadda ya ce balo ce, ana sakinta ne a ga inda iskar can sama ta nufa saboda masu tuƙin jirgi. Gwaggon ta gama kallo ta gyara zama. Na san ta zo da tarko a ɗaure a bakin zane.

"To malam mai auna sama, gobe za a yi ruwa?"

Ya dubi gabas, ya dubi kwalaben. Ya ce iska ta fara shan ruwa fiye da makon jiya, ta sama kuma ta fara juyowa daga kudu, damina ba ta da nisa. "Amma gobe, Gwaggo, ban sani ba. Ni abin da Allah ya riga ya yi nake rubutawa. Na Yamai su ke tara namu da na sauran garuruwa su yi kirdado, wata rana su dace, wata rana su kuskure."

Da za mu tafi na matsa kusa da akwatin na dubi rigar nan da kyau. Ta yi jirwaye, gefenta ya yi fari ya ƙandare. Na ce wa akwatin ko ni ce aka sa wa wannan tsumma ba zan faɗi gaskiya ba. Yaron ya ce wa gwaggon ruwan rijiyarmu ne ke barin gishiri a jiki, ƙyallen kuma daga Faransi yake zuwa, ba kullum ba.

A hanya gwaggon ta yi ta dariya har tana dafa dutse. Ta ce lokacin da take neman haihuwa ba ɗan duban da ba ta zauna gabansa ba daga Kano har Borno, kuma ba ko ɗaya da ya taɓa ce mata bai sani ba. Ta ce wannan yaro ko an kai shi makarantar bokaye korarsa za a yi.

Na ɗauka an gama. Ashe Bakanon yana da wata. Ya aiko cewa maganar tsafi ta wuce, ya nemi gafara. Amma aikin nan na Nasara ne, Nasara kuwa kowa ya ga suna ɗaure kaya. Ya riga ya ga 'yarsa ta dawo gida sau ɗaya da hawaye, ba zai miƙa ta ga mutumin da abincinsa zai hau jirgi ya tafi ba. Ko yaron ya ajiye aikin ya bi motar goro tare da shi a ɗaura aure kafin damina, ko a jira tuta ta sauya a ga ko akwatin zai ci gaba da tsayuwa. Yaron ya ce zai jira. Yarinyar ta aiko gwaggonta ta ce ita ma tana jira, kuma na ji an ce ta sallami wani mai raƙuma da ya zo da gaske.

Da a bara ne da na fi kowa son ya bar aikin. Yanzu sai na ji bakina yana tambayar gwaggon, in Nasara za su tafi, da saman za su tafi? Ta kalle ni ta gefen ido ta ce ai ta ɗauka ni ba ni da ɗa.

Daminar nan duk ruwan da aka yi sai na jera tasoshi a tsakar gida, nesa da indararo don kada ƙasar soro ta shiga. In tace, in cika kwalabe, in toshe, in jera a zaure inda yake jingine keke. Ban ce na wane ne ba. Suna dai raguwa.

Da rani ya shigo Nasaran ya tafi konje, wato hutu, ƙasarsu, ba a sake ganinsa ba, ba a kuma aiko wani ba. Aiki ya koma kan yaron da abokin aikinsa ɗaya, suna karɓa-karɓa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata rana da la'asar ina kaɗi a bakin ƙofa na ji shi a zaure yana magana da kekensa, don shi ma ya koyi halina. Yana gaya wa keken ƙyallen Faransi ya ƙare, na kasuwa kuma ya yi kauri, lambobinsa sun fara fita a karkace har na Yamai sun yi tambaya. In suka yanke cewa wurin ya lalace bayan tafiyar Nasara za su rufe, shi kuma su tura shi can arewa cikin rairayi. Keken bai ba shi amsa ba. Ni dai na san in haka ta faru maganar Bakano ta tabbata, aure kuma ya tafi.

Na zaɓi audugar da ta fi kowace tsawon gashi, na kaɗa zare siriri irin wanda ban taɓa sayar wa kowa ba. Na sami tsinken kara daidai kaurin kwalbar yadda idona ya riƙe, na kitsa 'yar riga a kansa, na bar mata jela kamar lagwani. Na ɗora a kan faifan da ke rufe tuwonsa. Washegari da yamma na tarar da ita a kan faifan, an dawo da ita. Daga zaure na ji ana gaya wa keke cewa rigar ta yi kyau, ta zauna daidai, sai dai ta ƙi shan ruwa.

Raina ya ɓaci. Tun ina budurwa nake murza lagwanin fitila, ba wanda ya taɓa dawo mini da shi. Na jefa ta a ƙwarya don in ƙaryata shi, sai ga ta tana yawo a kan ruwa kamar gashin agwagwa. Na zauna ina kallonta. Lagwanina duk mai suke sha, ban taɓa neman su sha ruwa ba. Sabuwar auduga tana da maiƙonta, ga allin da nake shafa wa yatsu, ga man hannuna. Sai na tuna marina ba sa tsoma sabon zare a baba sai sun wanke shi ya saki. Na dafa ta a ruwan toka, na ɗauraye da sauran ruwan saman da na ɓoye, na ɗaga ta da tsinke don kada hannuna ya sake taɓa ta. Da ta bushe na sake jefawa. Ta nutse nan take. Na naɗe ta a ganye na mayar kan faifai. Wannan ba ta dawo ba. Tun daga ranar, in yana bukatar sabuwa sai in ga tsinken kara a kan faifan, ni kuma in ɗora tukunya.

Mulkin kai ya zo da damina. An yi kiɗa, an ɗaga sabuwar tuta, yara suna ta gudu a lungu. Ni ban fita ba. A makon an yi ruwa mai kyau, yaron ya hau kekensa cikin taɓo ya tafi ya auna kamar kullum. Bayan kwanaki gwaggon ta shigo ta ce ɗan'uwanta ya ce ido ya fara gani, ido zai ƙarasa, in tashi mu je.

Wannan karon hanya duk gero ne ya kai ƙugu, ba ta zagi ƙasarmu ba sai sau ɗaya. Akwatin na nan tsaye, an sake masa farin fenti. Yaron ne yanzu ke magana da Yamai, hularsa ce rataye a ƙusar da Nasaran ke rataye tasa. Ya buɗe mata. Ta sa fuska kusa, ta daɗe tana kallon 'yar rigar, fara tas, jelarta a jiƙe.

"Wannan murɗin na san shi," ta ce. "Shekara nawa ina sayensa."

Na ce masu kaɗi suna da yawa a Birni.

"Na Yaya ne, Gwaggo," in ji shi. "Ya fi na Faransi daɗewa."

Na juya ina kallon ludayan nan suna zagaye a sama kamar an aike ni in ƙirga su. Gwaggon ta ce oho, ashe haka Damagarawa ke kunyar ɗan fari, a hana shi suna a bi shi da zare har filin jirgi. Ta ce za ta gaya wa ɗan'uwanta akwatin yana tsaye, kuma ko Yamai ta manta da shi akwai wata tsohuwa a Birni da ba za ta bar shi ya kwana da ƙishirwa ba.

Lokacin sakin balo ya yi muna nan. Yaron ya sake ta, ya sa ido a madubinsa na hangen nesa mai ƙafa uku, can ya ja da baya ya tsaya a gefe. Gwaggon ta tura ni. Na sa ido. Da farko fari kawai nake gani, sai ga ta, ja, ƙarama kamar ƙwayar barkono, tana tafiya gabas a hankali, can kuma da ta yi nisa ta karkata ta kama yamma, alhali a nan ƙasa ko mayafina bai motsa ba. Ban san akwai hanyoyi a can ba. Na ɗago, na dube shi a fuska, na ce, "Ka rame. Ka riƙa cin abinci." Ya ce to, Yaya.

An ɗaura auren bayan an yanke gero. Bakanon da kansa ya raba goro, kuma na ji an ce daga baya in motarsa za ta tashi da damina sai ya aika a tambayi surukinsa labarin iska, a dawo a ce masa ga abin da aka gani amma gobe ba a sani ba, ya yi tsaki ya loda kayansa.

Na ci gaba da kitsa rigunan har idona ya daina ganin zaren, sannan na koya wa matarsa. Hannunta ya fi nawa sauri, nawa ya fi nata matsi. Mai rubuta mini wannan 'yarsu ce ta fari, kuma uwarta tana kiran sunanta gatsau a tsakar gida, gaban kowa, har da ɗora ta a cinya. Na yi magana na gaji. Yanzu ma ga ta nan tana murmushi maimakon ta rubuta.